Baƙi ko Fari: Yadda Ake Shirya Hoton Takarda Kafin a Tura Shi ta Faks

Na'urar faks ba ta san ja ba, ba ta san shuɗi ba, ko ruwan toka ba ta sani ba. Takarda duk yadda take, layi-layi na'urar ke bin ta daga sama zuwa ƙasa, ta yanka kowane layi zuwa ɗigo 1,728, ta yi wa kowane ɗigo tambaya ɗaya: baƙi ne ko fari? Amsar nan ita kaɗai ke bin waya ta isa wancan gefen. Akwai ƙa'idar faks mai launi a rubuce, amma da wuya ka ci karo da ofishin da ke karɓar saƙo da ita. Duk wahalar da mutane ke sha idan an ce su turo takarda ta faks, daga wannan tambaya ɗaya take tasowa.

Ni a shagon buga takardu na koyi aiki, a Kano, tun wayar tebur ta NITEL ita ce waya. A ƙarshen shekarun 1990 faks ne ke kawo cinikin safe. 'Yan Kantin Kwari su zo tura odar atamfa da shadda, wasu su zauna a benci suna jiran takardar farashi daga Dubai. Da wayar salula ta shigo a 2001, layukan tebur suka yi ta raguwa, faks ya bi su, har yaran da ke aiki da ni yanzu ba su taɓa jin kukan na'urar ba. Amma buƙatar tana nan. Mai fitar da riɗi zai zo ya ce abokin cinikinsa na Japan na son yarjejeniyar ta faks. Wani ɗan'uwansa ke jinya a Amurka, asibitin ya ce ta faks za a turo rahoton likitan gida. Dukkansu kuwa abu ɗaya suke riƙe da shi, hoton takardar a cikin waya.

Waɗancan ƙasashe sun daɗe suna neman rabuwa da na'urar, ba su rabu ba. A Ingila, a 2018, ƙungiyar likitocin tiyata ta ƙirga na'urorin faks sama da 8,000 a asibitocin gwamnati, kuma a watan Disamba na shekarar ministan lafiya Matt Hancock ya hana sayen sababbi. A Japan, minista Taro Kono ya tashi tsaye a 2020 don raba ofisoshin gwamnati da hatimin hannu da faks, ma'aikatu da yawa suka turje. A Jamus, lokacin annobar korona, ofisoshin lafiya na gundumomi da dama ta faks suke karɓar sakamakon gwaji. A Amurka asibitoci da kantunan magani da lauyoyi na nan a kanta, hukumar haraji ma tana karɓar wasu fom-fom ta wannan hanya. Dalilin Japanawa na fi ganewa. Rubutunsu na da dubban alamomi, sun saba rubutawa da hannu, faks kuwa ba ruwanta da irin rubutu. Da Boko da Ajami da rubutun Japan duk zane ne a wurinta.

Dabarar ta girmi wayar tarho. Wani maƙerin agogo ɗan Sikotlan, Alexander Bain, ya yi rajistarta a 1843, shekara 33 kafin Bell ya yi rajistar tarho, kuma a 1865 ana tura rubutun hannu tsakanin Paris da Lyon da na'urar Giovanni Caselli. Amma faks ɗin da ya shafe mu an haife shi ne a 1980, lokacin da kwamitin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ya tsayar da ƙa'idar da ake kira Rukuni na 3. Kafin ita shafi ɗaya na cin minti shida, daga baya minti uku. Da ita ya dawo ƙasa da minti ɗaya. Ita ce ta kafa lambar nan ta 1,728 a faɗin takardar A4, wato ɗigo 204 a kowane inci. Daga sama zuwa ƙasa kuma ta ba da zaɓi: layi 98 a inci, wanda na'urori ke rubutawa Standard, ko layi 196, wanda suke rubutawa Fine. Har yau a kan wannan ma'auni na'urorin duniya ke gaisawa.

To dubi abin da ke cikin wayarka. Kyamarar waya ta talaka tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a tsawo da 3,000 a faɗi, miliyan 12 ke nan, kuma kowane ɗigo na iya zama ɗaya daga cikin launuka sama da miliyan 16. A lissafin kwamfuta kowane ɗigo na cin bit 24, bit kuwa shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, i ko a'a. Shafin faks mai kyau ɗigo kusan miliyan huɗu ne, kowanne bit ɗaya tak. Ka ga abin da zai ƙetare wayar bai wuce kashi ɗaya cikin saba'in na abin da kyamara ta gani ba. Saboda haka mayar da hoto zuwa tsarin faks aikin zubarwa ne, kuma dole wani ya zaɓi abin da za a zubar da abin da za a bari.

Yawancin masu turawa yau ba su da na'urar. Kamfanonin faks na intanet suke amfani da su: ka ɗora fayil ɗin JPEG ko PDF, ka rubuta lamba, su buga wayar a madadinka. Suna karɓar hoton yadda ka ba su, su juya shi da kansu, ba tare da ka ga abin da ya fita ba. A nan nake da ja. Manhajar da ke juyawar ba ta san cewa dusasshen da'irar nan ta kusurwa hatimin magatakarda ce, kuma ita ce dalilin tura takardar gaba ɗaya. Ta ga launi mai haske, ta ce fari ne, ta wuce. Ra'ayina shi ne mutum ya juya hoton da kansa, ya gan shi baƙi da fari da idonsa, sannan ya tura.

Aikin yana farawa tun wajen ɗauka. Idan akwai sikana, a yi amfani da ita, a sa ta a ɗigo 200 ko 300 a inci. Idan waya ce, a shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu, a inuwa da rana, a kashe fitilar kyamara, a riƙe wayar daidai saman takardar ba a karkace ba. Babban abokin gaba shi ne inuwar hannunka da ta wayar. Idonka yana yafe ta, yana ganin farar takarda a ƙarƙashinta. Faks ba ta yafewa, rabin shafin da inuwa ta faɗa wa zai iya fita baƙi ƙirin. Bayan ɗauka a yanke duk abin da ba takarda ba, da tebur da tabarma da ɗan yatsa, a bar farin gefe kamar santimita ɗaya da rabi, domin na'urori na buga kwanan wata da lambar mai turawa a saman shafi, wasu kuma suna cinye bakin takarda.

Sai girma. Faɗi dole ya zama 1,728, ba ƙari ba ragi. Tsawon A4 a Fine yana kama layi 2,290 ko kusa da haka, a Standard rabin wannan. Nan akwai wani tarko da ke kama ko da masana kwamfuta. A Standard ɗigon ba murabba'i ba ne, tsayinsa ya ninka faɗinsa, tunda 204 ne a kwance, 98 a tsaye. Wanda ya shirya hoto da ɗigo murabba'i ya tura shi a matsayin Standard, takardarsa za ta fito a miƙe, ninki biyu a tsawo. Shi ya sa ma wani lokaci ka buɗe faks ɗin da aka turo maka a kwamfuta ka gan shi a tsugune, kamar an danne shi daga sama: manhajar ce ba ta karanta ma'aunin da ke jikin fayil ɗin ba.

Ni ban ga dalilin da zai sa a tura takarda mai muhimmanci a Standard ba. Layi 98 a inci na nufin kowane layi ya ɗan wuce rubu'in milimita a kauri. Ɗigon da ke raba naira da kobo, ko wanda ke raba 2.5 da 25 a takardar magani, bai fi layi ɗaya ko biyu ba. Ƙananan 3 da 8 kan rikiɗe. Lanƙwasar kan ƙ da ɗ da ɓ kan narke cikin harafin. Masu Ajami da Larabci su suka fi shiga uku, domin ba da ta da nun da ya a tsakiyar kalma jiki ɗaya gare su, ɗigo ne kawai ke raba su, ga wasulla a sama da ƙasa. Takardar aure ko ta gado da alƙali ya sa wa hannu da Larabci, a Fine za a tura ta, in kuma rubutun ƙanana ne a ƙara masa girma, ko da shafi ɗaya zai zama biyu.

Daga nan sai a cire launi, hoton ya koma toka-toka, kowane ɗigo ya sami lamba tsakanin 0, baƙi ƙirin, da 255, fari fat. Launuka ba su da nauyi ɗaya a wannan lissafi. An bi yadda idon mutum ke gani, aka ba kore kusan kashi 59 cikin ɗari, ja kashi 30, shuɗi kashi 11. Da wannan tsohon ma'auni, tsantsar ja na faɗowa a 76, shuɗi a 29, rawaya kuwa a 226. Ma'anarsa a aikace: jan biro da shuɗin biro mai kauri za su fita baƙi, lafiya lau. Rawayan alƙalamin da ɗalibai ke shafawa kan layi zai ɓace, rubutun ya tsira. Amma jan rubutu a kan shuɗin fili, irin na kan takardun wasu kamfanoni, su biyun baƙi za su zama, rubutun ya nutse.

Yanzu mun zo inda hukuncin yake. Za a sa iyaka: duk ɗigon da lambarsa ta gaza ta, baƙi, duk wanda ya haura ta, fari. Manhajoji kan sa ta a tsakiya, wajen 128. Ga yadda abin ke kasancewa a gabana kusan kullum. Takardar shaida ce, rubutun firinta baƙi, sa hannu da shuɗin biro, sai hatimi mai ruwan hoda-shuɗi irin na ofisoshinmu, wanda tawadarsa ta kusa bushewa ranar da aka buga shi. Na buɗe ta a GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, na kira ma'aunin iyaka. A tsakiya rubutun na fitowa tas, sa hannun na fitowa amma da yankewa inda biron ya yi gudu, hatimin kuwa babu shi sai 'yan ɗigo warwatse. Na ja ma'aunin sama a hankali. Wajen 160 da'irar hatimin ta fara haɗuwa, wajen 175 ana iya karanta sunan ofishin da kwanan wata. Na ƙara ja kaɗan, sai layin ninkin takardar ya bayyana, dattin yatsu ya taso, zanen adon da ke bayan rubutun ya fara cin haruffa. Na koma baya. Mai takardar yana tsaye a kaina, sai in ce, “Alhaji, duba, ka ga hatimin?” In ya ce ya gani, nan muka tsaya. Lambar da ta dace da wannan takarda ba za ta dace da ta gobe ba.

Masana sun yi ƙoƙarin sa kwamfuta ta zaɓi iyakar da kanta. Wani Bajapane, Nobuyuki Otsu, ya fitar da hanyar da aka fi sani a 1979. Manhajojin sikana na waya irin su CamScanner da Adobe Scan kuma, idan ka zaɓi baƙi-da-fari, sukan daidaita hasken kowane yanki na shafin daban, shi ya sa suke iya kawar da inuwa. Suna taimakawa ƙwarai, amma su ma sukan share dusasshen hatimi a matsayin datti. Hatimi mai tudu, wanda ake matsawa a jikin takarda ba tawada, shi ba shi da launi ko kaɗan. Sai an ɗauki hotonsa da haske daga gefe don tudun ya yi inuwa, in ba haka ba babu abin da zai isa can.

Hoton fuska kuma wani babi ne. Sa wa fasfo iyaka, fuskar baƙin mutum ta zama dunƙule ɗaya, idanu biyu farare a ciki. Maganinsa shi ne yayyafa ɗigo. Wanda ya san rigar saƙi ya san dabarar: kusa da ita zare ne baƙi da fari a sarƙe, daga nesa kuwa launi ɗaya ido ke gani, tsaka-tsaki. Robert Floyd da Louis Steinberg na Jami'ar Stanford sun wallafa hanyar da aka fi bi a 1976. Idan ɗigo na da haske 100 aka mayar da shi baƙi, hasken nan 100 ba a zubar da shi. Ana raba shi gida 16, a ba maƙwabcin dama 7, na ƙasa 5, na ƙasa ta hagu 3, na ƙasa ta dama 1. Haka za a yi ta turawa gaba har wani ɗigo ya tara abin da zai sa shi zama fari. Sakamakon shi ne kumatu da goshi da inuwar hanci su dawo. Kafin a yayyafa, a ƙara wa fuskar haske fiye da yadda ido ke so, domin a takarda ɗigon baƙi kan baje, hoton ya ƙara duhu. Kuma kada a yayyafa shafin gaba ɗaya. Rubutun da aka yayyafa bakinsa na cinyewa. A katin shaida, a yayyafa wurin fuskar kaɗai, a sa wa sauran iyaka, a kuma ƙara girman katin ya cika rabin shafi.

Yayyafin nan da kuɗinsa, kuma dalilin yana cikin yadda faks ke matse bayani. Ba ta faɗin ɗigo ɗaya-ɗaya. Ƙirga jere take yi: fari 300, baƙi 3, fari 12, baƙi 2, har ƙarshen layi. Kowane tsawon jere yana da lambar sirrinsa, bisa dabarar da David Huffman ya wallafa a 1952 yana ɗalibi a MIT, wato abin da ya fi yawan faruwa a ba shi gajeriyar lamba. Kwamitin ITU ya auna takardun gwaji guda takwas, ya ga baƙi biyu ko uku a jere, kaurin sandar harafi, shi ya fi yawa, ya ba kowannensu bit 2 kacal. Layin da fari ne daga farko har ƙarshe bai cika bit 30 ba, maimakon 1,728. Amma fari ɗaya tilo bit 6 ne, baƙi ɗaya tilo bit 3. Layin da ke sauyawa fari, baƙi, fari, baƙi har ƙarshe zai ci bit 7,776, ninki huɗu da rabi na wanda ba a matse ba sam. Shi ya sa wasiƙa ke wucewa cikin daƙiƙoƙi, shafi mai hoto ko mai dattin baya ya kwashe mintuna. Kira in ya yi tsawo, damar yankewarsa na ƙaruwa, musamman yanzu da yawancin layuka ta intanet suke bi. Wasu kamfanonin ma da tsawon lokacin suke lissafin kuɗin shafi. Tsabtace farin takarda ba kwalliya ba ce.

Akwai abin da bai kamata a tura ta faks ba ko an yayyafa: hoton ƙashi, hoton ciki, da duk abin da likita ke karantawa daga bambancin toka-toka. A tura rubutaccen rahoton, hoton kuma a nemi wata hanya.

Abu na ƙarshe shi ne jakar da za a zuba shafin. Sunanta TIFF, tsarin fayil da kamfanin Aldus ya fitar a 1986, yanzu yana hannun Adobe. Ya dace da faks saboda yana ɗaukar shafuka da yawa a fayil ɗaya, yana riƙe ɗigo mai bit ɗaya, yana kuma rubuta ma'aunin kwance da na tsaye daban-daban. Wajen ajiyewa manhaja za ta tambayi irin matsi. CCITT Group 3, wato matsin Rukuni na 3, shi ne wanda kowace na'ura ke ganewa. Group 4, na 1984, ya fi matsewa domin yana kwatanta kowane layi da na samansa ya faɗi bambancin kawai, amma kuskure ɗaya a hanya na iya lalata duk abin da ke ƙasa, saboda haka sai na'urorin biyu na da gyaran kuskure ake tura irinsa. GIMP da IrfanView duk suna ajiyewa a waɗannan. Mai PDF kuma yana da Ghostscript, wanda in aka gaya masa tiffg3 da ma'aunin 204x196 zai fitar da shafukan a shirye. Abin da za a guje wa shi ne mayar da shafin da aka gama gyarawa zuwa JPEG, domin JPEG na shafa toka-toka a bakin haruffa, aikin ya koma baya. In kamfanin ba ya karɓar TIFF, PNG ko PDF sun fi. A kuma buɗe fayil ɗin a duba, don akan sami wanda ya juye, rubutu fari a kan baƙin fili, abin da ke shanye tawadar mai karɓa ya kuma ɓata masa rai.

Takardar da aka ɗora wa kamfanin faks na intanet tana ratsa kwamfutocinsu, wani lokaci ta zauna a can. In fasfo ne ko rahoton asibiti, a zaɓi kamfanin da aka san shi, a goge fayil ɗin bayan an gama, kuma mai shago ya goge nasa kwafin a gaban mai takarda. A duba lambar sau biyu, da lambar ƙasa, tunda faks in ta sauka a ofishin da ba shi ba, babu mai dawo da ita.

Rahoton da ke cewa saƙo ya tafi, abin da yake nufi kawai shi ne na'urar can ta karɓi shafukan. Bai ce ana iya karanta su ba. Saboda haka kafin ka tura, buga shafin baƙi-da-farin a firinta, ka miƙa wa wanda bai taɓa ganin asalin ba, ka ce ya karanto maka suna da kwanan wata da adadin kuɗi da abin da ke cikin hatimi. In ya yi tuntuɓe a wani wuri, koma ka gyara iyakar. Bayan ka tura kuma ka kira ofishin ko ka aika musu imel, ka tambaya shafi nawa suka samu, kuma ko hatimin ya fito.